Bill Evans: Makaɗin fiyanon da ya sauya fasalin kiɗan mutum uku

A tarihin kiɗan jaz na Amurka akwai wata rana da masana ke yawan komawa kanta, wato Lahadi 25 ga watan Yunin 1961. A ranar ce wasu makaɗa uku suka yi wasa har sau biyar a wani ƙaramin gidan kiɗa na ƙarƙashin ƙasa a birnin New York, aka kuma naɗi sautinsu.

Kwana 11 bayan haka ɗaya daga cikinsu ya rasu a hatsarin mota yana da shekara 25. Jagoransu, makaɗin fiyano Bill Evans, ya rayu shekara 19 bayan nan, kuma ya shafe akasarinsu yana neman abokan aikin da za su maido masa da irin fahimtar junan da ya rasa.

Shi dai Evans ana lissafa shi cikin makaɗan fiyano mafiya tasiri a ƙarni na 20. Ya lashe lambar yabo ta Grammy sau bakwai, yana kuma cikin waɗanda suka yi faifan Kind of Blue, wanda ake ɗauka a matsayin faifan jaz da ya fi kowanne kasuwa. To sai dai kuma ya kwashe fiye da shekara 20 yana fama da miyagun ƙwayoyi, abin da ya kai shi kushewa yana da shekara 51.

Tasowarsa

An haifi William John Evans ranar 16 ga watan Agustan 1929 a garin Plainfield na jihar New Jersey. Mahaifinsa, wanda asalin kakanninsa mutanen yankin Wales ne na Birtaniya, yana kula da wani filin wasan golf, mahaifiyarsa kuwa 'yar zuriyar baƙin da suka yi ƙaura ne daga gabashin Turai.

Gidan bai cika samun kwanciyar hankali ba saboda yawan shan barasa da mahaifin ke yi. Wannan ya sa Bill ya shaƙu ƙwarai da wansa Harry, wanda ya girme shi da shekara biyu, kuma shi ne ya fara koyon fiyano kafin ƙanen ya bi sahu yana ɗan shekara shida.

Da farko kiɗan Turai na asali ya koya, wanda ake rubutawa a takarda a kuma kaɗa shi yadda mawallafin ya tsara. Ya kuma taɓa goge irin na Turawa da sarewa. Tun yana yaro ya fara zama a madadin manya a ƙungiyoyin da ke kiɗa a wuraren rawa da bukukuwa, a nan ne kuma ya gano cewa makaɗi na iya kauce wa abin da ke rubuce ya ƙara nasa.

Ƙwarewarsa a busa sarewa ce ta sama masa tallafin karatu a kwalejin Southeastern Louisiana da ke garin Hammond, inda ya kammala a 1950 da digiri a kaɗa fiyano da kuma koyar da kiɗa. Daga 1951 zuwa 1954 ya yi aikin soja a ƙungiyar badujala ta wani sansani kusa da birnin Chicago.

Da aka sallame shi, sai ya koma gidan iyayensa ya duƙufa kan atisaye na kusan shekara guda, domin yana ganin bai kai matsayin da zai fita gaban jama'a ba. Wannan shakkar kai ta bi shi tsawon rayuwarsa.

Faifan farko da zama da Miles Davis

A 1955 Evans ya koma New York, ya shiga makarantar kiɗa ta Mannes don nazarin tsara kiɗa. A can ya haɗu da George Russell, masanin da ke gwajin sababbin dabarun jaz, wanda ya ba shi fili a faya-fayansa har mutane suka fara tambayar ko wane ne wannan siririn matashi mai tabarau.

Wani abokinsa makaɗin jita, Mundell Lowe, shi ne ya kunna wa shugabannin kamfanin Riverside sautin kiɗansa ta wayar tarho. Daga nan Orrin Keepnews, ɗaya daga cikin masu kamfanin, ya ɗauke shi.

A watan Satumban 1956 aka naɗi faifansa na farko, New Jazz Conceptions. A ciki ne aka fara jin Waltz for Debby, wani gajeren kiɗa da ya tsara wa 'yar wansa Harry. Masu sharhi sun yaba, amma kwafi kimanin 800 kacal aka sayar a shekarar farko, kuma Evans ya yi fiye da shekara biyu bai sake yin faifai da sunansa ba.

A watan Afrilun 1958 fitaccen mai busa ƙaho Miles Davis ya gayyace shi ya maye gurbin Red Garland a ƙungiyarsa, wadda ta ƙunshi John Coltrane da Cannonball Adderley da Paul Chambers. A lokacin babu wata ƙungiyar jaz da ta kai ta daraja.

Evans ne kaɗai farar fata a cikinta, a daidai zamanin da wariyar launin fata ke da ƙarfi a Amurka. Kiɗan jaz kuwa baƙar fata ne suka ƙirƙiro shi, kuma sun daɗe suna ganin farare na kwashe ribarsa. Don haka wasu daga cikin masu sauraro ba su ɓoye rashin jin daɗinsu ba, ko da yake Davis ya tsaya masa.

Gajiyar tafiye-tafiye da wannan matsin sun sa ya bar ƙungiyar kafin ƙarshen shekarar. A tsakanin waɗannan shekaru ne kuma ya faɗa cikin amfani da ƙwayar hiroyin, wadda ta yi katutu a tsakanin makaɗan jaz na lokacin.

A watan Disamban 1958 ya naɗi faifansa na biyu, Everybody Digs Bill Evans. A ciki akwai Peace Piece, inda hannunsa na hagu ke maimaita dunƙulen sauti biyu kawai daga farko har ƙarshe, na dama kuma yana ƙirƙirar kari nan take, yana nisa da tushen a hankali har ya shiga sautukan da kunne bai saba da su ba.

Irin wannan tunani ne Davis ke nema. Saboda haka ya sake kiransa don aikin Kind of Blue, wanda aka naɗa ranar 2 ga Maris da 22 ga Afrilun 1959. Maimakon makaɗi ya riƙa tsere yana bin dunƙulen sautuka masu sauyawa kowane lokaci, sai aka ba shi jerin sauti guda ya daɗe a kansa yana gina abin da ya ga dama.

Evans ya kaɗa huɗu daga cikin kiɗa biyar na faifan, shi ne kuma ya rubuta bayanin da ke bayan kwalinsa. Sai dai an samu taƙaddama kan kiɗan Blue in Green, wanda aka rubuta sunan Davis shi kaɗai a matsayin mai shi, alhali Evans ya dage cewa shi ya tsara. Ya zuwa 2019 an tabbatar da sayar da kwafi miliyan biyar na faifan a Amurka.

Hirar mutum uku

Kafin zamanin Evans, ƙungiyar mutum uku a jaz tana da tsari sananne. Mai fiyano ne jagora, sauran biyun kuma kamar 'yan amshi suke: mai ganguna yana riƙe da lokaci, shi kuma mai bes, wato ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana kaɗa tsirkiyarsa da yatsu, yana taka sauti ɗaya a kowane bugu ba tare da fashi ba.

Evans yana son wani abu dabam. Burinsa shi ne su ukun su riƙa ƙirƙira a lokaci guda, kowa na sauraron ɗan'uwansa yana ba shi amsa, lokacin kuma ya zauna a zukatansu ko da babu wanda ke buga shi a fili.

A ƙarshen 1959 ya samu mutanen da suka dace. Mai ganguna shi ne Paul Motian, ɗan asalin Armeniya da aka haifa a Philadelphia, wanda suka riga suka yi aiki tare a faifan farko. Mai bes kuwa wani matashi ne ɗan shekara 23, Scott LaFaro, wanda ya tashi a garin Geneva na jihar New York.

LaFaro bai fara kaɗa bes ba sai da ya kusa shekara 18, bayan ya fara da kayan busa. Amma cikin 'yan shekaru ya kai ga sarrafa wannan ƙaton abu da saurin da aka saba ji daga jita, yana hawa can saman sauti, yana katse Evans, yana kuma yin shiru a inda ake tsammanin zai taka.

Shi ma Evans yana da tasa dabarar da ta buɗe wannan hanya. Idan ya danna dunƙulen sauti da hannun hagu, sau da yawa yakan bar sautin gindi, wanda a al'ada shi ne tushen dunƙulen, ya sa wasu sautukan masu ƙara launi a madadinsa. Hakan ya bar wa mai bes fili ya zaɓi inda zai sa ƙafa.

Masana na danganta wannan salo da nazarin da ya yi wa ayyukan Faransawa irin su Debussy da Ravel, haɗe da abin da ya koya daga Bud Powell da Nat King Cole da Lennie Tristano. Motian kuma ya rage ƙarfin duka, ya fi amfani da 'yar tsintsiyar waya a kan fatar ganga da farantan tagulla.

Ranar 28 ga Disamban 1959 suka naɗi Portrait in Jazz. Akasarin kiɗan da ke ciki tsofaffin waƙoƙin da kowa ya sani ne, kamar Autumn Leaves, wanda a cikinsa ake jin fiyano da bes suna musayar magana kamar masu gardama. A wannan faifan an rubuta sunayen Davis da Evans duka biyu a kan Blue in Green.

Shekarar 1960 ba ta zo musu da aiki mai yawa ba. Evans ya yi jinyar ciwon hanta, LaFaro kuma ya yi aiki da Ornette Coleman, har da faifan Free Jazz wanda ya tayar da ƙura a lokacin.

Sun koma ɗakin naɗar sauti ranar 2 ga Fabrairun 1961 don faifan Explorations. An yi aikin ne cikin tsamin dangantaka tsakanin Evans da LaFaro, wanda a ranar da aron bes ya yi kiɗa. Da farko Evans bai gamsu da sakamakon ba, sai daga baya ya sauya ra'ayi. A nan ne ƙungiyar ta naɗi Nardis, kiɗan da Miles Davis ya tsara, wanda ya zame wa Evans abokin tafiya har ƙarshen rayuwarsa.

Lahadi a Village Vanguard

Gidan kiɗa na Village Vanguard, wanda Max Gordon ya buɗe a 1935, wani ɗaki ne mai kusurwa uku a ƙarƙashin ƙasa a unguwar Greenwich Village, kuma bai ɗaukar mutanen da suka wuce ɗari da 'yan kai. A watan Yunin 1961 ƙungiyar ta yi makonni biyu tana wasa a can.

Keepnews ya shawo kan Evans aka kawo na'urorin naɗar sauti a rana ta ƙarshe. Sun yi zama biyu da rana, uku da dare. A cikin sautin ana jin ƙarar kofuna da hirar mutanen da ba su damu da abin da ake kaɗawa ba.

Abin da aka naɗa a ranar ya nuna inda gwajin nasu ya kai. A kiɗan My Foolish Heart sun yi tafiyar hawainiya har mai sauraro zai ɗauka za su tsaya, amma lokacin bai kuɓuce musu ba. A Gloria's Step da Jade Visions, waɗanda LaFaro ya tsara, da wuya a ce ga jagora ga mai rakiya.

A farkon watan Yuli LaFaro ya yi wasa da Stan Getz a bikin Newport. Ranar 6 ga watan, motar da yake ciki tare da wani abokinsa ta kauce hanya ta daki bishiya kusa da Geneva, kuma dukkansu biyu suka rasu.

Labarin ya girgiza Evans har ya yi watanni bai fito gaban jama'a ba. Ya taimaka wajen zaɓen kiɗan da suka fi nuna bajintar mamacin, aka fitar da su a 1961 da sunan Sunday at the Village Vanguard. Faifai na biyu daga wannan rana, Waltz for Debby, ya fito a 1962.

Ke nan duk abin da ƙungiyar ta fitar a hukumance bai wuce aikin kwana uku ba: biyu a ɗakin naɗar sauti, ɗaya a gaban jama'a. A 2005 aka fitar da cikakken sautin ranar Lahadin a Amurka, bisa jerin yadda aka kaɗa shi.

Neman magaji

A ƙarshen 1961 Evans ya dawo aiki tare da sabon mai bes, Chuck Israels, kuma a 1962 suka naɗi Moon Beams da How My Heart Sings! A shekarar ce ya yi Undercurrent, shi da makaɗin jita Jim Hall su biyu kawai.

A wannan lokaci ƙwaya ta riga ta cinye masa kuɗi, yana ta cin bashi a wajen abokai da kamfani. Abin da ya daidaita masa sana'a shi ne haɗuwarsa da Helen Keane, wadda ta zama manajarsa, daga baya kuma mai shirya faya-fayansa, har zuwa rasuwarsa.

Bayan ya koma kamfanin Verve, a 1963 ya yi wani gwaji da ba a saba gani ba a jaz. Ya naɗi kiɗan fiyano, ya sa na'urar sauraro a kunne ya kaɗa na biyu a kansa, sannan ya ɗora na uku. Wasu sun ɗauki hakan a matsayin maguɗi, tun da jaz abu ne na nan take, amma faifan, Conversations with Myself, shi ya kawo masa Grammy ta farko.

A 1966 ya ɗauki Eddie Gómez, matashin da aka haifa a Puerto Rico, wanda ya zauna da shi shekara 11. Wasan da suka yi a bikin Montreux na ƙasar Switzerland a 1968, tare da mai ganguna Jack DeJohnette, ya sake kawo masa Grammy, haka ma faifan Alone da ya yi shi kaɗai. The Bill Evans Album na 1971 kuwa lambobi biyu ya ci.

Duk da haka bai tsira daga suka ba. A shekarun da Coltrane da Coleman da Cecil Taylor ke rushe dokokin kiɗa, wasu kuma ke haɗa jaz da kiɗan rock, Evans ya ci gaba da kaɗa tsofaffin waƙoƙin soyayya, kansa a sunkuye har ya kusa taɓa fiyano.

Wasu masu sharhi sun ce kiɗan nasa ya yi laushi da yawa, kuma ya yi nisa da tushen blues na baƙar fata. Wasu sun ce a farkon shekarun 1970 ya koma maimaita kansa. Magoya bayansa kuwa na cewa nasa gwajin yana cikin ƙananan abubuwa ne, kamar yadda yake jinkirta sauti ko gaggauta shi a kan bugu, da yadda yake sake wa tsohuwar waƙa tufafi ba tare da ta ɓace ba.

Shekarun ƙarshe

A farkon shekarun 1970 ya bar hiroyin ya koma kan maganin methadone. A 1973 matar da suka shafe fiye da shekara 10 tare ta kashe kanta, bayan ya shaida mata cewa zai rabu da ita. A shekarar ya yi aure, kuma a 1975 aka haifa masa ɗa namiji, Evan.

Wannan ɗan lokaci na kwanciyar hankali ya haifar da faya-fayai biyu da mawaƙi Tony Bennett, murya da fiyano kawai, da kuma You Must Believe in Spring, wanda aka naɗa a 1977 amma bai fito ba sai bayan rasuwarsa.

Zuwa farkon 1979 ya haɗa ƙungiyarsa ta ƙarshe da wasu matasa biyu, Marc Johnson a bes da Joe LaBarbera a ganguna. Evans da kansa ya sha kwatanta ta da ƙungiyar LaFaro da Motian, abin da bai yi wa sauran ba.

A watan Afrilun shekarar, wansa Harry, wanda ke fama da larurar ƙwaƙwalwa, ya kashe kansa. Na kusa da Evans sun ce daga nan ya daina kula da lafiyarsa. Hodar ibilis ta maye gurbin hiroyin, ya kuma yi watsi da maganin ciwon hantar da ya daɗe yana fama da shi. Faifansa na ƙarshe a ɗakin naɗar sauti, We Will Meet Again, ga Harry ya sadaukar da shi.

Abin mamaki shi ne a daidai wannan lokaci kiɗansa ya ƙara ƙarfi da zafi. A wasan da aka naɗa a birnin Paris a watan Nuwamban 1979, da na Village Vanguard a watan Yunin 1980, yakan buɗe Nardis da doguwar gabatarwa shi kaɗai, ta mintuna da dama, kuma kowane dare da irin hanyar da yake bi kafin sauran biyun su shigo.

Daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumban 1980 sun yi wasa a gidan Keystone Korner na San Francisco, inda nan ma aka naɗi sautin. Da suka koma New York ya yi dare biyu a gidan Fat Tuesday's, daga nan jiki ya ƙi.

Ranar 15 ga Satumban 1980 LaBarbera ya kai shi asibitin Mount Sinai, inda ya rasu sakamakon zubar jini daga gyambon ciki, haɗe da lalacewar hanta da ciwon huhu. An binne shi a birnin Baton Rouge na jihar Louisiana, kusa da kabarin Harry.

Abin da ya bari

Biyu daga cikin lambobinsa na Grammy bayan rasuwarsa aka bayar da su, sannan a 1994 aka ƙara masa lambar karramawa kan ayyukan da ya yi tsawon rayuwa.

Ana jin tasirinsa a kiɗan Herbie Hancock da Chick Corea da Brad Mehldau, kuma yadda yake haɗa sauti da hannun hagu na cikin abubuwan da ake koya wa ɗalibai a makarantun jaz. Ƙungiyar da Keith Jarrett ya kafa a 1983, wadda ta yi kusan shekara 30 tana aiki, ta ƙunshi Gary Peacock da Jack DeJohnette, waɗanda dukkansu sun taɓa zama a ƙungiyar Evans.

Paul Motian, wanda ya rabu da shi a 1964, ya ci gaba da wasa a Village Vanguard har zuwa shekarar da ya rasu, wato 2011.

An kuma ci gaba da tono sautukan Evans da ba a taɓa fitarwa ba daga rumbunan gidajen rediyo da na kamfanoni. Ɗaya daga ciki shi ne Some Other Time, wanda ya naɗa a Jamus a watan Yunin 1968 tare da Gómez da DeJohnette, kwanaki kaɗan bayan wasan Montreux, amma bai isa kunnen jama'a ba sai a 2016.